Inda Tagar Baffa Ta Faɗi

Na daɗe ina karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyo. Na san inda ake sassauta murya, na san inda ake ɗan dakatawa kafin a faɗi wurin jana'iza. Ta Baffa ce kawai na kasa. Na miƙa wa abokin aikina, na roƙe shi abu ɗaya: kada ya ce "tsohon malamin jami'a". Baffa ya kai shekarun ritaya tuntuni, amma har makon da ya kwanta ciwo yana shiga aji, domin ba a sami wanda zai karɓe shi ba.

Ƙanin mahaifina ne, kuma a hannunsa na yi rabin tashina. Ya rasu a gidansa da ke Haɗeja a farkon kaka, lokacin da kogi ya gama cika, ruwa ya soma janyewa daga fadama.

Rumfa ɗaya aka kafa a ƙofar gida, amma zama uku aka yi a ƙarƙashinta. Mutanen jami'a suna kan kujeru, dangi da 'yan unguwa suna kan tabarmi. Can gefe, inda inuwa ta ƙare, Fulanin da suka zo daga wajen Birniwa sun jingine sandunansu da bango sun durƙusa. Da aka shafa addu'a, wani dattijon Arɗo a cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya jiƙan mai jifa ta baya." Wasu malaman jami'a suka yi dariya ba shiri, sannan suka sunkuyar da kai. Arɗon bai yi dariya ba. Sunan da Fulanin suka san Baffa da shi ke nan.

A cikin gida, Gwaggo, yayar su Baffa, ta gaji da abin da masu gaisuwa ke maimaita mata.

"Kowa ya shigo sai ya ce an yi rashin masani," ta ce da ni. "Masanin nasu ne. Ni ƙanina na rasa, wanda har ya tsufa bai iya jiran koko ya huce ba."

Mutum biyu ne maganarsu ta hana ni sukuni a kwanakin nan. Na farko shi ne shugaban sashen nazarin dabbobi na jami'ar, wanda shi ma ɗalibin Baffa ne a da. Ya ja ni gefe yana goge gumi.

"Darasin kula da filayen kiwo shi kaɗai ne mai shi," ya ce. "Muna da masu kaji, muna da masu haɗa abincin dabbobi, muna da masu ɗakin gwaji. Mai shiga ciyawa ne babu. Za a yi tallar gurbin, amma ka san sai ya bi ofis-ofis. In aka zo duba darussa aka tarar ba malami, rufe shi za a yi."

Na biyu Bulaman wani ƙauye ne da ke hanyar Baturiya. Ya zo ranar uku, ya yi gaisuwa, ya daɗe zaune. Da zai tafi na raka shi, sai ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ruwa ya fara ja. Bana kuma Malam bai zo ba."

"Ranka ya daɗe, ai ka ga dalili."

"Ni na gani," ya ce. "Samarin garina kuwa injin ban-ruwa suke gani."

Sai na fayyace abin da Bulama yake nufi, domin a kansa rayuwar Baffa ta tsaya.

A bayan wannan ƙauye akwai wani yanki na fadama da garma ba ta shiga ba tun ina yaro. Ba babba ba ne; wanda ke wannan baki zai kira na wancan bakin ya ji shi. Baffa ya are shi ne daga mahaifin wannan Bulama, da fatar baki. Sharaɗin shi ne, kowace shekara, da zarar ruwa ya fara ja, kafin a raba wa mutane wuraren noman rani, Baffa zai je da kansa da ɗan goro, ya durƙusa ya ce, "Na zo neman aro." Bulama ya ce, "An ba ka na bana." Na bana kawai. Shekarar da ba a zo ba, fili ya koma hannun gari.

Amfanin wurin kuwa, a nan ne burugu ta saura. Ita ce ciyawar fadama da shanu ke ƙoshi da ita in ko'ina ya bushe. Sauran wuraren da take fitowa a da, ko an nome su, ko kacala ta mamaye su, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, wadda dabba ba ta damu da ita ba. A filin ne Baffa yake nuna wa ɗalibai yadda fadama take kafin a haife su. Daga nan kuma yake ɗibar saiwar burugu yana dasawa a wuraren da aka sare kacala.

Jami'a ta nemi a yi takarda filin ya zama nata. Baffa ya ƙi.

"In aka yi takarda za a kafa allo, a ja waya, kowa ya koma ofis," ya ce. "Abin da ba ka zuwa ka roƙa duk shekara, ba za ka san ranar da ya mutu ba."

A lokacin na ɗauki wannan hikima ce. Yanzu ina ganin rabinta hikima ce, rabinta taurin kai, kuma na kasa gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ya fara.

Sunan "mai jifa ta baya" daga kayan aikinsa ya fito. Wani ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da wani maƙeri ya yi masa a Haɗeja, kamar taga ba gilashi. Mutanen ƙauye suna ce masa tagar Malam. In Baffa ya shiga fili, sai ya juya baya, ya rufe ido, ya wurga tagar ta saman kafaɗarsa. Inda ta faɗi, nan zai je ya duƙa, ya bi duk ciyawar da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunanta, sannan ya yanke ya zuba a jaka don a auna. Ya tashi, ya sake juya baya.

Na tambaye shi me ya sa ba zai duba ya ajiye ta inda ya dace ba.

"Ido yana da son kai," ya ce. "In ka bar shi, kore kawai zai kai ka. Sai ka dawo ka ce fili yana lafiya, shanu kuwa suna ramewa. Inda ta faɗi, nan ake duƙawa."

Farkon shigata aikin rediyo na bi shi da na'urar ɗaukar murya, ranar da wani baƙo ya zo daga wata hukuma tare da mai ɗaukar hoto. Baffa ya wurga taga, ta faɗa kan wani busasshen taɓo, ba ko tsinke a ciki sai kashin saniya.

"Dakta, a sake jefawa mana can wajen kore," in ji baƙon. "Don hoto."

"Wannan ma fili ne," in ji Baffa.

Ya je ya duƙa gaban kashin saniyar nan, ya daɗe yana dubawa kamar akwai abin gani, sannan ya ce wa ɗalibansa, "Ba komai a nan. Ku rubuta ba komai." Har yanzu ina da wannan ɗauka. Yawancinta shiru ne, sai kukan tsuntsaye da tarin baƙon.

Shi ne mai saurarona mafi wahala. Duk ranar da na karanta labarin faɗan manoma da makiyaya, kafin in fito daga ɗakin watsa shiri waya ta fara ƙara.

"Ka ce rikici ya ɓarke," zai ce, ba sallama. "Ɓarkewa ya yi? Ka je ka ga mashayar? Ka ga inda hanyar shanu ta bi da, ka ga abin da ke kanta yanzu? Abin da ya shekara yana tafiya a ƙafa kai ka ce ya ɓarke."

"Baffa, minti ɗaya aka ba labarin."

"To ka ce a ba ka biyu. Ka ci abinci?"

Haka yake rufe faɗa, da tambayar abinci.

Arɗon da ya yi addu'ar nan a rumfa yana da dalilinsa. Tsarin Baffa shi ne ba a sakin shanu a filin sai ya yi yankan ƙarshe a ƙarshen rani, domin awon kowace shekara ya yi daidai da na wadda ta gabata. Wata shekara bazara ta yi tsanani. Arɗon ya iso da shanun da wasunsu sai an kama wutsiya an ɗaga su. Bai roƙi komai ba, ya tsaya dai a bakin fili yana kallon burugu. Baffa ya dube shi, ya dubi shanun, ya je da hannunsa ya janye ƙayar da aka tare hanya da ita.

Wannan ya ɓata masa awon shekarar, ya kuma yanke jerin shekarun da yake tarawa don wani babban rubutu da ƙarin girmansa ya rataya a kai. Sa'o'insa suka zama farfesoshi suka bar shi yana Dakta. Umma, matarsa, ta yi masa magana a kan haka sau ɗaya a gabana.

"Don saniya ta ci nake auna ciyawa," ya ce. "In ta mutu ina awo, me na auna?"

Ba na son in rubuta shi kamar wanda bai taɓa kuskure ba. Shi kansa ba zai yarda in ajiye tagar inda ya yi kore kawai ba.

'Yarsa ta fari, wadda nake kira ƙanwata, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata. Ita ta gaje shi. Ya hana ta karatu a jami'arsa don kada ta zauna a ajinsa, ta tafi wata, ta yi digiri har na uku, duk a kan ciyawar fadama. Lokacin da ritayar Baffa ta matso, jami'a ta yi tallar gurbin malami a fanninsa. Ina gidan ranar da ta kawo maganar, wata Juma'a bayan la'asar, a tsakar gida.

"Baba, an fitar da tallar. Na haɗa takarduna."

"Ki warware su."

Ta ɗauka wasa yake, ta yi murmushi. Bai mayar mata ba.

"Muddin ina sashen nan ba za ki shige shi ba," ya ce. "Ko ke kika fi kowa, ba mai yarda. Za a ce na dasa 'yata. Duk abin da kika rubuta za a ce ni na rubuta miki."

"To a ce mana. Ciyawa ta san wanda ya rubuta?"

"Uwata."

"Kada ka kira ni Uwata a wannan magana, Baba. Uwarka ba za ka ce ta warware takardunta ba."

Umma ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa.

"Ni ma ba dawwama zan yi a wurin ba," in ji Baffa. "In na bari, sai ki nema."

"In ka bari ta yaya? Kai da ni mun san ko ka yi ritaya ba za ka daina zuwa ba. To me zan zauna ina jira?"

Ita ta fara jin nauyin abin da ta faɗa: in ba ritaya ba, ba abin jira sai mutuwarsa. Na ga fuskarta ta sauya. Baffa ya tashi ya ɗauki buta, alhali lokacin salla da saura.

Ta bi umarninsa. Ta tafi Kano ta kama aiki a wani kamfanin haɗa abincin kaji, ta yi aure, ta yi fice a aikin. Ita da mahaifinta suka koma gaisawa lafiya lau, tana zuwa da yara kowace Salla, yana ɗora su a cinya. Maganar ciyawa ce ba su ƙara yi ba.

Wanda aka ɗauka a gurbin bai daɗe ba ya sami damar ƙaro karatu a ƙasar waje, bai dawo ba. Aka sake talla, ba a sami mai fannin ba. Matasa sun fi son abin da ake yi a ɗaki mai fanka, kuma ban ga laifinsu ba. Jami'a ta roƙi Baffa ya ci gaba a kan kwantiragi, ya ci gaba. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya zama in ya duƙa gaban taga sai ɗalibai sun kama shi ya miƙe.

Wata rana muna dawowa daga filin, ina tuƙa shi, na ce, "Baffa, ka kira ta mana."

"Da bakina na hana ta. Da wane bakin zan kira ta?"

"Da wannan dai."

"Kai ɗan rediyo ne," ya ce, yana kallon hanya. "Kuna da gyara bayan labarai. Mu ba mu da shi."

Ra'ayina, kuma na faɗa masa yana raye, shi ne ya tsare sunansa ya bar aikinsa ba magaji. Ya ji tsoron a ce ya yi son kai, har ya kasa ganin wannan tsoron ma wani son kai ne. Bai yi fushi ba da na faɗa. Ya tambaye ni ko na ci abinci.

A jinyarsa ta ƙarshe ƙanwata ce ta zauna da shi. Kullum yana tambaya, "Ruwa ya kai ina?" Ya tambaye ni, ya tambayi mijinta, ya tambayi mai yi masa allura da ba ta ma san wane ruwa ake nufi ba. Ita da ta fi kowa sanin amsar, tana zaune a gefen gadon tana yi masa fifita, bai tambaye ta ba ko sau ɗaya.

Bayan addu'ar bakwai na same ta a ɗakin Gwaggo tana haɗa kayan komawa Kano. Na faɗa mata maganar shugaban sashe da ta Bulama. Na ce jami'a za ta ɗauki watanni, ruwa kuwa ba zai jira ba, kuma in aka sa garma a filin nan sau ɗaya, burugun ta tafi.

Ta ci gaba da ninke zane.

"Yaya, na tambaye shi me zan jira," ta ce. "Ga shi an ba ni amsa. Kana so in je in karɓa? In hau kujerar da ya hana ni yana raye, don yanzu ba shi da bakin hanawa?"

"Ke, rufe mana baki," in ji Gwaggo daga kan gado. "Ke kika kashe shi? Kwanansa ne ya ƙare. Ubanki ya yi kuskure, mun rufe shi da kuskurensa, Allah ya yafe masa. Ke kuma kina nema ki tono abin ki goya a baya har ki tsufa."

"Gwaggo, ba ki gane ba."

"Ni ban yi boko ba, amma na goyi ubanki. Taurin kan nan na san inda kika samo shi."

Ƙanwata ta sa zanen a jaka. Abin da kawai ta yarda da shi, tunda Umma tana takaba ba ta fita, shi ne ta raka ni mu je mu yi wa Bulama godiyar gaisuwa. Gwaggo ta danƙa mata ƙullin goro ta ce na godiya ne.

Motar Baffa muka ɗauka, domin tawa ba ta iya hanyar. Na san tagar tana bayan motar inda ya saba barin ta. Ban sa ta ba, ban kuma fitar da ita ba.

A ƙofar gidan Bulama mun tarar da injinan ban-ruwa sababbi a jere ƙarƙashin bishiya, samari suna zaune kusa da su. Babbansu, ɗan ƙanin Bulama, ya yi mana gaisuwa da ladabi, sannan ya faɗi abin da ke ransa.

"Wallahi ba ƙin Malam muke ba. Gonar ubana kacala ta cinye ta, ko kwalekwale ba ya shiga. Ga ƙasa tana kwance muna kallo, ana ce mana ta ciyawa ce."

Gaskiya ya faɗa.

Muka shiga zaure, muka yi godiya. Bulama ya amsa, ya yi wa Baffa addu'a, sannan ya zuba mana ido kamar mai jiran wata magana. Ƙanwata tana durƙushe, goro a hannunta, idonta a ƙasa.

"Shugaban sashen nasu ya aiko mini," in ji Bulama, da ya gaji da jira. "Wai in jira jami'a. Ni ban san jami'a ba. Ba ta taɓa durƙusawa a zauren nan ba. Ranar kasuwa mai zuwa zan raba wuraren rani."

"Ranka ya daɗe," ta ce, "a ba ni izini in ga filin. Na daɗe rabona da shi."

Muka tafi, Bulama da samarin suna biye. Ruwa ya sauka zuwa idon sawu. Burugu ta kwanta shar, tana sheƙi. Amma ta gefen gabas akwai wani dogon layi mai duhu da ya shigo cikin filin kamar an ja shi da gangan. Ƙanwata ta tsaya cak.

"Yaushe kacala ta shigo nan?"

"Bara," in ji Bulama. "Malam ya gani. Ya ɗauki adda da kansa, numfashinsa bai kai ba."

"Bai faɗa mini ba," ta ce. Ba da kowa take ba.

Na ga hannunta ya saki, goron yana neman zamewa, kuma na san in ta juya ta nufi mota ba mai iya dawo da ita.

"Yaya, ba ni makullin motar."

Ta je ta dawo da tagar. Samarin suka fara raha.

"Hajiya, a yi hankali da kawunanmu!"

"In ta faɗo wajenmu, wurin ya zama namu!"

Ta miƙa mini goron, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta juya wa filin baya. Ta rufe ido ta wurga. Jifar ba ta yi kyau ba; hannu ya manta. Tagar ta karkace ta yi gabas, ta faɗa tsakiyar kacala, inda taɓo ya fi zurfi.

"Sake, Hajiya, sake!" in ji ɗan ƙanin Bulama. "Wannan ba a lissafa ta. Ga kore can."

Ta dubi koren. Na ga ta dube shi. Sannan ta cire takalmi ta shiga, taɓo yana kama ta har gwiwa, ganyen kacala yana yankar hannunta. Ta isa, ta duƙa.

"Yaya, kunna abinka," ta kira ni. "Ba ni da abin rubutu."

Na kunna wayata na ɗaga. Muryarta ta taso daga cikin ciyawar, a daidaice, kamar mai karanta labarai.

"Kacala. Kacala. Kacala. Kacala." Ta dakata, muna jin tana buɗa tushen da hannu. "Burugu. Guda, a ƙasa. Ta yi fari, amma da ranta."

Samarin sun daina dariya. Ta fito da taɓo har ƙirji, ta karɓi goron daga hannuna, ta je gaban Bulama a nan bakin fadama ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na zo neman aro."

"Da sunan wa, 'yata? Ke malamar jami'a ce?"

"A'a. Ban ma nema ba tukuna. Zan nema. Mai yiwuwa a ba wani."

"In aka ba wani fa?"

"Baɗi ka gan ni ko ka gan shi. In ba ka ga kowa ba, ka raba."

Bulama ya dubi samarinsa, ya dubi filin.

"Gefen gabas, inda kacala ta ci, na ba yaran nan," ya ce. "Su sare ta su noma. In ba su taɓa wani abu ba bana, ba zan iya riƙe su ba." Ya miƙa hannu ya karɓi goron. "Sauran, an ba ki na bana."

Filin Baffa ya ragu ke nan. Yanzu akwai shinkafa a gefensa, injin yana ƙara tun safe, kuma ban san ko burugu za ta jure maƙwabtaka da shi ba. An fitar da tallar gurbin, ƙanwata ta miƙa takardunta. Har yau da nake rubutun nan ba a kira ta ba. Shugaban sashe yana cewa a yi haƙuri. An riga an fara faɗin abin da Baffa ya ji tsoro, cewa gida ɗaya zai gaji kujera. Ita ma ta ji. Duk ƙarshen mako tana baro Kano, ta kwana wajen Umma, da safe ta ɗauki motar mahaifinta ta bi hanyar Baturiya. In ta dawo, Umma ce ke tambayar ta daga kan tabarmar takaba, "Ruwa ya kai ina?" Ita kuma ta zauna ta faɗa mata.

Ya Allah, ga ƙanin mahaifina ya zo gare Ka. Ka duba shanun da ya buɗe wa hanya, Ka yafe masa ƙofar da ya rufe, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba waɗanda ya bari ƙarfin gwiwa.

Ɗaukar muryar nan biyu suna wayata, ta uban da ta 'yar. Nakan saurare su a ofis kafin in shiga karanta labarai. Tasa shiru ce. Tata kuwa, duk lokacin da ta kai kacala ta huɗu ta dakata, sai in ji na riƙe numfashi, alhali na san abin da za ta ce.